Sahel: Gaɓar da Ba Ta da Teku

Da wuya a sami baƙuwar kalma da ta zauna daram a kunnen mutumin Nijar kamar kalmar Sahel. Da ita gidan rediyon ƙasa yake gabatar da kansa tun da asuba, ita ce a goshin jaridar gwamnati, ita ce sunan talabijin, akwai otal da ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Yamai da suke amsa ta, kuma tun daga 2023 ta shiga sunan ƙawancen da ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso. Tsohuwar da ba ta taɓa zama bisa bencin makaranta ba ta san Muryar Sahel. Amma in aka tambayi ma'anar kalmar, sai a tarar ƴan boko ne kaɗai ke da amsa, kuma amsar tasu guda ce, wadda aka haddace tun ajin farko na kwaleji: wai Larabci ce, ma'anarta gaɓar teku, Larabawan da suka ƙetaro Sahara sun ɗauki hamada tamkar teku, raƙumi jirginta, ƙasar da aka fara ganin ciyawa da gero kuwa ita ce gaɓa.

Bayanin yana da daɗin ji, yana da sauƙin rubutawa a allo, yara kuma ba sa manta shi. Rabinsa na farko gaskiya ne, babu tantama: «sahil» a Larabci gaɓar ruwa ce. Rabi na biyun, wato labarin matafiyan da suka hango ciyawa suka ce ga gaɓa, shi ne ya kamata a sake dubawa, domin tsofaffin littattafan da suka yi maganar wannan yanki da wasu sunaye dabam suka kira shi. Hanyar da kalmar ta biyo daga bakin ruwa har ta sauka a ƙasar da sai an yi tafiyar fiye da kilomita 1000 daga babban birninta kafin a ga teku, hanya ce mai kwana-kwana, kuma ba ta daɗe da isowa ba kamar yadda ake zato.

A Larabci kalmar ta fito daga saiwa mai baƙaƙe uku, sin da ha ƙarami da lam, wadda take ɗauke da ma'anar kankarewa ko gogewa, irin yadda maƙeri ke cin ƙarfe da magagari. Ƙirar «sahil» ƙirar mai aikatawa ce, kamar «katib» mai rubutu ko «alim» mai sani, saboda haka a zahiri «mai kankarewa» ya kamata ta nufa. Wannan ya sa malaman lugga na farko tsayawa, tun da gaɓa ba ta kankarar komi, ita ake kankara. Ibn Duraid, mutumin Basra da ya rasu a Bagadaza a 933, ya warware ƙullin da cewa kalmar a juye take: ruwa ne mai aikin, ƙasa ce aka yi wa, amma sunan mai aikin ya maƙale wa wadda aka yi wa. Ibn Manzur ya ɗauko wannan bayani cikin Lisanul Arab, wanda ya kammala a 1290. Ke nan sahil wuri ne da ruwa ke ci dare da rana, yana zaizaye shi yana sake masa siffa.

Duk almajirin da ya kai Suratu Ɗaha ya karanta kalmar, ko da bai lura ba. Sau ɗaya tak ta zo cikin Alƙur'ani, a aya ta 39 ta wannan sura, cikin ƙissar mahaifiyar Annabi Musa, alaihis salam, da aka umarta ta sa jaririnta cikin akwati ta jefa a ruwa, ruwan kuma ya tura shi gaɓa. Ruwan nan, kamar yadda malaman tafsiri suka bayyana, kogin Nilu ne. Ashe tun can kalmar ba ta keɓanta da ruwan gishiri ba, bakin babban kogi ma sahil ne. (Ita kanta kalmar «ƙamus» da malamai ke ambata kullum, asalin ma'anarta tsakiyar teku. Firuzabadi ne ya raɗa wa littafinsa na lugga Alƙamusul Muhiɗ, teku mai kewayewa, sunan kuwa ya bi kowane littafi irinsa.)

Wasu harsunan daga jikin mutum suka ari sunan wannan wuri. «Côte» ta Faransanci daga «costa» ta Latin take, wato haƙarƙari, shi ya sa kalma ɗaya take nufin gaɓar teku da gangaren tudu da ƙashin awaza da mahauci ke sarawa. Bahaushe baki ya gani: bakin kogi, bakin rijiya, bakin kasuwa, bakin daji. Bayarabe kunne ya gani, ya ce «eti okun», kunnen teku. A nan akwai abin lura, domin masana harshe suna danganta «teku» ta Hausa da wannan «eti okun» ɗin. In haka ne, ana iya ƙaddara fataken da suka gangara Kurmi har suka isa Ikko, suka tsaya bisa rairayi suka tambayi sunan abin da ke gabansu, aka gaya musu sunan wurin da suke tsaye, su kuwa suka komo gida da shi a matsayin sunan ruwan. Malamai da alhazai suna da tasu, «bahar», wadda suka samo ta gabas: Bahar Rum, da Bahar Maliya, wato ruwan gishiri, wanda mahajjatan ƙasa ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda.

A ƙasashen Larabawa kalmar sahil tana nan inda take tun fil azal, kusa da ruwa. Sahel na Tunisiya shi ne yankin zaitun na gabashin ƙasar, na biranen Susa da Mahdiyya da Munastir, mahaifar Habib Burgiba. Ƙungiyar Étoile du Sahel, wadda aka kafa a 1925 kuma ta ci kofin zakarun Afirka a 2007, ta Susa ce, birnin da Bahar Rum ke wanke wa ƙafa. A Aljeriya kuwa Sahel sunan jerin tuddai ne da suka bi bakin teku yamma da babban birnin ƙasar. A nan ne kalmar ta shiga bakin Faransawa sosai bayan sun kama birnin a 1830, kuma cikin shekarun 1840 suka kakkafa ƙauyukan manomansu bisa waɗannan tuddai. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba: sojan Faransa da suka kutso Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19 ba baƙin kalmar ba ne.

Jam'in sahil shi ne «sawahil», shi ne kuma ya haifi sunan al'umma da harshenta. Ibn Batuta ya bi gaɓar gabashin Afirka a 1331, ya sauka Mogadishu da Mombasa da Kilwa, ya ambaci ƙasar Sawahil. Daga wannan suna aka sami Kiswahili, harshen mutanen gaɓa, wanda yau ake ciniki da shi har cikin Kwango, nesa da duk wani teku. Shekara 22 bayan haka, a 1353, shi wannan matafiyi ya taso daga Gawo ya zo Takadda, garin jan ƙarfe da masana ke gani a kufan Azelik, cikin jahar Agadas ta yanzu, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Mutum ne da ya san kalmar, ya sa ta inda ta dace, ya kuma ƙetare Sahara bisa raƙumi zuwa da komowa. Amma da ya zo wannan gefe, sunan da ya yi aiki da shi shi ne Biladus Sudan, ƙasar baƙar fata. Malaman yankin su ma haka: Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu ya kira littafinsa na wajen 1655 Tarihus Sudan, Muhammadu Bello kuwa, cikin Infaƙul Maisuri na 1812, inda ya siffanta Barno da Ahir da ƙasashen Hausa, Takrur ya sa a kan littafin. Gaskiya ne kamanta raƙumi da jirgin ruwa tsohon abu ne a waƙen Larabawa, kuma mai ƙirƙirar labarin gaɓa bai ƙirƙire shi daga iska ba. Sai dai kamance cikin waƙa dabam, sunan da ake kiran ƙasa da shi dabam.

Sawun kalmar ya fi fitowa fili can yamma, wajen Larabawan Hassaniyya, makiyayan raƙuma na Muritaniya da arewacin Mali waɗanda Faransawa ke kira «Maures». A bakinsu «sahel» ɗaya ce daga kusurwoyi huɗu na duniya, tare da «tell» da «gebla» da «sharg». Ga wanda ke zaune kusa da Atlantika, sahel ita ce wajen teku, wato yamma, kuma kabilun wannan gefe, irin su Ragaibat na yamma, da sunan mutanen sahel aka san su. Amma kusurwoyin nan ba a kafe suke wuri ɗaya ba. In aka nausa gabas, zuwa Hawd da kewayen Tumbutu, sai su juya, sahel ta koma nufin arewa. Wani hafsan sojan raƙuma na Faransa, Diego Brosset, ya rubuta maƙala a 1928 a kan wannan juyi da ke rikita duk baƙon da ya tambayi hanya. Juyin ba shi da wuyar fahimta: ga mutumin Hawd, ƙasar mutanen gaɓa tana can arewa maso yamma, daga can ayarin gishiri ke fitowa, daga can mahara ke fitowa. Daga makiyayan nan ne kalmar ta shiga Bambara. A harshensu «saheli» arewa ce, kudu kuwa «worodugu», ƙasar goro, sunan da duk wani jikan fataken Gwanja zai gane nan take.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin kusurwa ta zama sunan ƙasa ba. Mutumin Ikko in ya ce Arewa, Kano da Sakkwato yake nufi. Bakano in ya ce arewa, Damagaram da Damargu yake nufi. Badamagare kuwa Azbin ce arewarsa. Haka «saheli» take ga manomin Segu ko na Karta: can sama, inda gona ke ƙarewa, makiyaya ke farawa.

Ranar 1 ga Janairu 1891 Kanar Archinard ya shiga Nyoro, babban birnin Karta, ya kori Amadu Sheku ɗan Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi ta hijira gabas har ya rasu a ƙasar Sakkwato. Sabbin masu mulki suna bukatar suna ga wannan gefen arewa maso yamma na mulkin da suka kira «Soudan français», sai suka ɗauki wanda suka tarar a bakin mutane, wanda kuma kunnensu ya riga ya saba da shi tun Aljeriya: yankin Sahel, cibiyarsa Nyoro. Har yau Nioro du Sahel ake kiran garin, don a bambanta shi da Nioro du Rip na Senegal. Wannan Sahel na takardun mulki ƙaramin wuri ne, bai ko haɗa da Tumbutu ba, balle Adar ko Damagaram, wadda a lokacin ma sarakunanta ke da ikon kansu, sai a 1899 Faransawa suka shiga Zinder.

Wanda ya miƙe shi ya zama doguwar ɗamara kuwa ba soja ba ne, masanin tsirrai ne. Auguste Chevalier yana ɗan shekara 25 aka tura shi Soudan a 1898 don ya ƙididdige itatuwa da ciyayin sabuwar ƙasar da aka ci, ya yi yawo har Tumbutu a 1899. A 1900 ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris taƙaitaccen bayani inda ya raba Afirka ta Yamma gida uku, shimfiɗe daga yamma zuwa gabas: yankin Gine mai kurmi, yankin Sudan mai kaɗanya da ɗorawa, sai yankin Sahel na itatuwa masu ƙaya da ciyawar da ke mutuwa da ɗaukewar damina. Daga wannan rana kalmar ta bar nuna kusurwa, ta zama sunan shiyyar ƙasa mai iyaka sama da ƙasa. Masana labarin ƙasa suka karɓa, suka ja ta daga Senegal har Bahar Maliya, tsawon fiye da kilomita 5000. Da alama a nan ne labarin gaɓa ya sami gindin zama: da zarar an zana ziri siriri a gefen Sahara bisa taswira, duk wanda ya buɗe ƙamus ya ga «rivage» gaban sahil, sauran labarin shi zai rubuta kansa. Akwai ma masu ganin kalmar ta gauraya da wata mai kama da ita, «sahl» mai ha babba, wato shimfiɗaɗɗen fili mai sauƙin tafiya, dangin «sahalewa» ta Hausa. Kunnen Bature ba ya raba ha biyun nan, rubutun boko ma bai raba su ba.

Da aka zo shata iyakokin zirin ne aka ga wahala. Teku yana da layi, ko jariri ya san inda ruwa ya tsaya. Hamada ba ta da shi. Masu auna ruwan sama suka ce Sahel ya fara daga inda ake samun milimita 150 ko 200 a shekara, ya ƙare wajen 500 ko 600, kowane littafi da nasa adadi. Masana tsirrai suka nemi shaida a ƙasa, kuma wadda ta fi karɓuwa, tun daga littafin Robert Capot-Rey na 1953 a kan Sahara, ita ce ƙarangiya: inda matafiyi daga arewa ya fara jin tana kama masa ƙafar wando, ya bar Sahara. Abin dariya ne, kuma abin tunani, a ce babbar iyakar kimiyya tana rataye ga ciyawar da yaran ƙauye ke tsinewa a hanyar gona, wadda kuma kakanninsu suka sussuka suka ci a shekarun yunwa. Ita ma gwamnatin Nijar ta ja nata layi da dokar 26 ga Mayu 1961, wadda ta sa iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Gonaki sun daɗe da tsallake layin, kuma rigingimun manoma da makiyaya da dama daga nan suke tasowa.

Mutanen da ke zaune cikin zirin ba su taɓa jin bukatar suna ɗaya da zai rufe shi duka ba. Suna da Adar da Gobir da Katsina da Damagaram da Damargu da Kutus da Manga da Azawak, kowace da sarautarta da kasuwanninta da irin hatsinta. In ƙasa ake magana, suna da jigawa da fadama da fako da korama da gulbi. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta yi ɓarna daga Kano har Damargu, Kakalaba suka kira ta. Ta 1984 kuwa ƴar Buhari. Kowace masifa da sunan da waɗanda suka sha ta suka ba ta.

Fari ne ya fitar da Sahel daga littattafan masana ya sa shi a bakin duniya. Ruwa ya fara ƙaranci tun 1968, abin ya kai maƙura a 1972 da 1973, garke-garke suka ƙare, makiyaya suka cika sansanin Lazaret a gefen Yamai, hotunansu suka bazu cikin jaridun Turai da Amurka ƙarƙashin suna guda. Ranar 12 ga Satumba 1973, a Wagadugu, ƙasashe shida, Nijar da Mali da Haute-Volta da Muritaniya da Senegal da Cadi, suka kafa CILSS, kwamitin yaƙi da fari a Sahel. Cibiyar AGRHYMET ta biyo baya a Yamai a 1974. Tun daga nan Sahel ya zama jerin ƙasashe, shiga cikinsa kuma ta zama hanyar samun agaji, har tsibiran Cap-Vert da ke tsakiyar Atlantika suka shiga bayan samun mulkin kansu a 1975. Su dai aƙalla suna da gaɓa ta gaske.

A Nijar, farin bai tsaya ga gona da garke ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da agajin yunwa yana cikin manyan dalilan da suka bayar. A cikin wannan shekara jaridar Le Temps du Niger ta zama Le Sahel, Radio Niger ta zama La Voix du Sahel. Wannan canji ya fi duk wani littafin makaranta tasiri. Ta akwatin rediyo kalmar ta shiga Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri, ta isa rugage da ƙauyukan da ba su taɓa ganin taswira ba. Kuma a nan ta sami abin da Chevalier bai ba ta ba: suna da duniya ta san shi da ƙasusuwan shanu da buhunan agaji, sai ga ƙasa ta ɗauke shi ta rataya a wuya da kanta, ta mai da shi na alfahari.

Za a iya cewa, to, mene ne laifin labarin gaɓa, tun da ba ya cutar kowa? Laifinsa shi ne hoton da yake dasawa a kai. In hamada teku ce, to tana da igiyar ruwa, kuma gaɓa, kamar yadda Ibn Duraid ya ce, ita ce abin ci. Wannan hoto ya daɗe yana aiki. A 1935 wani malamin gandun daji na Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana tahowa kudu tana cinye ƙasashen da ke gabanta. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937, bai kuwa ga wani rairayi mai tahowa ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar da sare itace da noma ke yi wuri-wuri. Ɗaya daga cikin ƴan kwamitin, André Aubréville, shi ne ya yaɗa kalmar «désertification» da littafinsa na 1949. Hotunan tauraron ɗan adam na 1980 zuwa 1990 sun nuna iyakar ciyayi ta gangara kudu har zuwa 1984, sannan da ruwa ya samu ta koma arewa da fiye da kilomita 100 cikin shekara guda. Manoman jahohin Maraɗi da Zinder kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, da sassaben zamani kawai, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su tashi cikin gona, sun mai da itatuwa bisa fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ba bango suka gina gaban igiyar ruwa ba. Yaron da aka koya wa cewa yana zaune a bakin teku mai hauhawa zai jira ranar nutsewa. Wanda aka koya wa cewa gonar ubansa tana lalacewa ne daga ciki, kuma daga ciki ake gyara ta, wani darasi dabam ya ɗauka.

Sahil na haƙiƙa, a ma'anar Suratu Ɗaha, Nijar tana da shi: bakin kogin Kwara daga Ayoru zuwa Gaya, bakin tabkin Madarunfa, da kuma Gigimi, wadda ta kasance tashar jiragen ruwa a bakin tabkin Cadi lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25000 a 1963. Bayan shekara 20 ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, Gigimi ta wayi gari gaɓa ce ba ruwa, masunta suna bin sa da raƙuma da motoci. Yakan komo kusa a shekarun da Komadugu da Shari suka cika.

Batun ya ƙara nauyi ga malamai tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk wanda zai koyar da labarin ƙasa da Hausa sai ya zauna da waɗannan kalmomi. Hausa ba matalauciya ba ce a nan, ko da yake a bakin kogi ta tara dukiyarta. Tana da «gaɓa», wadda a rubuce take kama da gaɓar jiki amma a baki ana jan wasalinta na farko. Tana da «gaci», can ƙetare inda mai iyo ke fatan isa, har ake cewa wane ya kai gaci. Tana da «tsibiri», wanda ɗan Maraɗi ya fara sani a matsayin garin Sarkin Gobir kafin ya san shi a matsayin tudu tsakiyar ruwa. Masu fassarar labarai a gidajen rediyo sun ja waɗannan kalmomi zuwa teku, suka ba da «gaɓar teku» da «zirin Gaza» da «Gaɓar Yamma da Kogin Jodan» da «mashigin teku». Aikin bai ƙare ba, domin «mashigi» har yanzu shi ke ɗaukar «golfe» da «détroit» duka biyu, alhali ɗaya ruwa ne da ya kutsa cikin tudu ya tsaya, ɗayan kuwa ƙofa ce tsakanin tekuna biyu. Amma Sahel ba su taɓa fassara shi ba, «yankin Sahel» suke cewa, kuma sun yi daidai. Kalmar ta riga ta zama suna, suna kuwa ba a fassara shi, tarihinsa ake bayarwa. Malamin da ya ba da Nyoro da Chevalier da farin 1973 tare da ma'anar ƙamus ya ba ɗalibansa abin da ya fi raƙumi mai kama da jirgi.

A shekarun baya-bayan nan sunan ya sake tufafi. G5 Sahel da aka kafa a Nuwakshot a Fabrairu 2014 ta sa shi zama kalmar soja da tsaro, kafin Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina Faso su bi ta a Disamba 2023. Ranar 16 ga Satumba 2023 ƙasashen uku suka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma, ranar 6 ga Yuli 2024 kuma, a Yamai, suka mai da ita tarayyar ƙasashen Sahel. Cikin ukun babu mai ko taku ɗaya na bakin teku. Abin da hakan ke nufi kowane ɗan kasuwar Maraɗi ya gani bayan Yuli 2023, lokacin da hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja.

Larabci, mai kalmar, shi ne ya fi shan wahalar wannan tarihi. Mai karanta labarai a Alƙahira ko Rabat dole ya ƙara «na Afirka» bayan sahil don kada a zaci bakin ruwa yake nufi, kuma da Sarkin Maroko ya yi tayin buɗe wa ƙasashen Sahel hanya zuwa Atlantika a Nuwamba 2023, abin da ake faɗi a zahiri shi ne za a kai ƙasashen gaɓa gaɓa. Akwai kuma ƙasa ɗaya a Afirka ta Yamma da Larabawa ke kira da wannan suna kai tsaye, Sahilul Aj, gaɓar hauren giwa, ko da yake tun 1985 gwamnatinta ta roƙi duniya ta bar fassara sunanta. Ita ce Kwaddibuwa, inda samarin Adar ke tafiya ci-rani in an gama girbi.